Rumbun Luba

A garin Gummi, idan za a yi suna ko biki ko walimar sauka, kuma ana son hoton da mata za su saki jiki su yi dariya har a ga wushirya, Luba ake aika wa. Maza masu hoto suna nan birjik a bakin kasuwa, amma iyakarsu ƙofar gida. Ita kuwa har ƙuryar ɗakin amarya take shiga da kyamararta a wuya, ta ɗauki lalle, ta ɗauki jere, ta ɗauki tsofaffi suna cashewa sun manta da ciwon gwiwa. Kafin shekarar dubu biyu da sha bakwai sunanta ya kai Bukkuyum da ƙauyukan da ke kewaye.

Abin da ya dame ta shi ne wurin ajiya. Hoto ba ya cin tuwo, amma yana cin wuri. Laftof uku ta kashe a wannan sana'a. Ta farko wutar lantarki ce ta zo da ƙarfi ta ƙone ta, ta biyu zafin bazara ya gama da ita, ta uku kuwa kunun zaƙi aka tunkuɗe mata a kai a wani gidan suna. Ba ta yar da ko ɗaya ba. Ta naɗe su da tsohon zane ta tura ƙarƙashin gado, duk lokacin da ta tuna hotunan da suka tafi da su sai ranta ya sosu.

Daga baya mijinta Ɗanmusa, wanda ke jan motar haya tsakanin Gummi da Sakkwato, ya sayo mata wata ƙatuwar kwamfutar tebur 'yar gwanjo. Tana aiki, ba laifi, sai dai idan an kunna ta ka rantse injin markaɗe aka shigo da shi ɗaki. Ga shan wuta. Da sola gidan ke amfani, faranti biyu a kan kwano da batir ɗaya, kuma batirin nan shi ne ke juya fankar Inna Iyatu, mahaifiyar Ɗanmusa. In kwamfuta ta tashi, fanka sai ta fara lilo kamar mai jin barci, can ta tsaya cak.

"Luba! Kin tada jirgin naki ko?" haka Inna za ta ƙwala daga ɗakinta.

"Yanzu zan kashe, Inna."

"To kashe shi, ɗiyata, in ba so kike ki iske ni na dahu ba."

Ana cikin haka wata rana Hajiya Mardiyya ta Bukkuyum ta kira ta. Tsohuwar mai hulɗa da ita ce, Luba ce ta ɗauki bikin 'yarta shekarun baya. Ta ce gara ta shiga akwati ta cinye hotunan bikin kaf, ga 'yar tana ta kuka, don a ciki ne kawai ake da hoton kakarta da ta rasu. Ko za a sake wanko musu? Luba ta san hotunan suna cikin laftof ta biyu, wadda ke kwance ƙarƙashin gado. Ta ce za ta duba.

Da ta gaya wa Ɗanmusa sai ya ce, "Ki kai wa Sahabi mana. In shi bai iya ba, sai a haƙura."

Sahabi ɗan gwaggonta ne, yana gyaran waya da kwamfuta a Anka. Taubasai ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ta saka gawarwakin nan uku a jakar buhu, ta shiga motar Anka.

Ta same shi a shago ya duƙufa kan wata waya. Tun daga ƙofa ta ce, "Kai bawana, tashi ka karɓi kayan uwar ɗakinka."

"Wa ya ga uwar ɗaki da jakar buhu!" in ji Sahabi yana dariya. "Mi kika kawo muna, gero?"

Ta zazzage masa. Ya jujjuya laftof ta biyu, ya shinshina ta, ya ce wannan kam ta riga mu gidan gaskiya.  Amma sai Luba ta ga ya ɗauko sukudireba ya kife ta, ya kwance 'yan notina, ya zaro wani abu mai faɗi, fari-fari, bai kai tafin hannu ba.

"Kin ga wanga? Hadis ke nan. Dut abin da kika taɓa zubawa nan ciki shike. Kwamfuta ta mutu, amma shi ba lalle ba ne ya bi ta."

Ya zura shi cikin wata 'yar kwasfar roba mai kebul, ya jona da tasa kwamfutar. Wani ɗan haske shuɗi ya fara ƙyaftawa. Luba ta matso har hijabinta na share masa teburi. Sai ga sunaye sun jeru, rubutunta ne, yadda ta saba rubutawa. Sunan gidan Liman. Saukar 'yan Unguwar Gabas. Bikin 'yar Hajiya Mardiyya. Ya danna, sai ga tsohuwar nan, kakar amarya, zaune a kan darduma ta ɗaure goshi da jan ɗankwali, tana nuna mai hoto da yatsa tana dariya.

Luba ba ta san lokacin da ta rangaɗa guɗa ba. Mai sayar da rake a ƙofar shago ya leƙo yana tambaya ko haihuwa aka yi.

"Buɗe sauran! Sahabi, don Allah buɗe sauran!"

Ya buɗe. Na laftof ta farko lafiyarsa lau. Na mai kunun zaƙi ma, da aka goge shi, ya tashi. Shekarun aikinta duka suka dawo mata a zama ɗaya. Ta zauna a kan benci tana ta duba su, tana kiran sunayen mutane kamar suna jin ta, wasu sun yi aure, wasu jariran yanzu suna makaranta.

Tana cikin haka wani saurayi ya tsaya a ƙofa ya ce a tura masa fim. Sahabi bai ko karɓi wayarsa ba, ya ce ya shiga ya zaɓa da kansa. Saurayin ya danne-danne, ya biya, ya tafi. Luba ta bi shi da kallo.

"Daga ina ya ɗauka? Ban ga ka jona komai ba."

Sahabi ya nuna mata saman kantar shagon. Wata 'yar aba ce kamar kwalin sabulu, kusa da ita wata mai ƙaho biyu, sai hadis guda a gefe.

"Waccan 'yar ƙaramar kwamfuta ce. Mai ƙahon kuma rauta, ita ka watsa waifai. Dut wayar da ke kusa tana iya shiga ta ɗauki abin da ke cikin hadis ɗin, ba kati, ba data."

"Kunne take yanzu?"

"Tun safe."

Luba ta tashi ta kara kunnenta. Ba ta ji komai ba. Ta ɗora hannu, ɗumi kaɗan kawai kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

"Ba ta da fanka," in ji shi. "Wutar da suke sha su duka ba ta fi ta ƙwan fitila ba. Hadis ɗin laftof ba shi da ci, in kuma ba a taɓa shi ba barci yake yi."

Nan take Luba ta ga ɗakinta a idonta. Ta ga hotunanta duka wuri ɗaya, ta ga fankar Inna tana juyawa. 

"Irinta nake so. Yau ɗin nan."

"Yau kuma? Daga Kano ake aiko ta. Amma hadis kam, zo ki gani."

Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburi, cike da su. Ya ce masu harkar zinariya ne ke sayen laftof idan sun samu, su yi ta yawo da ita a kan babur cikin daji har ta farfashe, in an ce gyara zai yi tsada sai su bar masa su sayi sabuwa. Suka zauna suna gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Ya koya mata ta kara a kunne: mai lafiya shuu yake yi a hankali, mai ciwo kuwa ƙas-ƙas yake yi kamar agogo. Ya nuna mata inda kwamfuta ke faɗin lafiyar kowanne. Waɗanda suka ci jarrabawa ta ce a share su tas kafin ta taɓa, ba ta son ganin sirrin kowa.

"Abu ɗaya zan hwaɗa miki," in ji Sahabi, wannan karon ba wasa a fuskarsa. "Tsohon hadis awa tsohon jaki ne. Zai ɗaukar miki kaya, amma ranar da zai kwanta ba ya sallama. Kowane ki yi mishi abokin tagwaici. Abin da ke cikin wanga, shi kasance cikin wancan."

Ta sauka gidan gwaggonta ta yi kwanaki, kullum tana shago, har ta iya haɗawa da warwarewa ba tare da ya sa mata hannu ba.

Da kayan suka iso daga Kano, Ɗanmusa ne ya karɓo su a tasha. Luba ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya da hantsi, ta baje komai. Inna Iyatu ta fito da carbinta ta tsaya a kanta.

"Mi ne ne waɗanga kuma?"

"Hadis ne, Inna."

"Hadisi? Masha Allahu! Yanzu har cikin ƙarhe ake zuba shi?"

Luba ta yi dariya har da riƙe ciki, ta bayyana mata cewa sunan ne ya zo ɗaya, wannan ma'ajiyar hoto ce. Inna ta taɓe baki ta ce ita dai in zai kashe mata fanka, to ya koma inda ya fito. Amma ba ta tafi ba, ta jawo kujera ta zauna kallo.

Akwatin ƙarfe Luba ta fara tunanin sakawa, sai ta tuna zafi. Ta ɗauko wani kwandon kaba mai sarari-sarari wanda iska ke ratsawa. Ta yayyanka tsohon silifas ta shimfiɗa a ƙasa don kada hadis su riƙa karkarwa a kan juna, ta jera su bibbiyu, kowane da kwasfarsa. Ta jona su a wani ɗan abu mai bakuna da yawa da ke ba kowanne wuta, ta kai wa 'yar kwamfutar, ta kai wa rauta. Wutar kuwa kai tsaye daga batir ta jawo, ta cikin irin cajar nan ta mota da Ɗanmusa ya ba ta. Sau biyu tana kiran Sahabi a waya, sau biyu yana ce mata ta bar tsoro, daidai take. Ta kai kwandon ɗaki ta ɗora a kan kabad, ta yi bisimilla ta kunna.

Shiru.

Ta tsaya tana jira ta ji wani abu ya yi gurnani. Ba abin da ta ji sai kukan kurciya a kan katanga. Ta ce shi ke nan ta ƙona. Ta leƙa cikin kwandon, sai ta ga 'yan fitilu suna ƙyafta mata ido, kore da shuɗi. Ta zaro wayarta. Ga sunan da ta raɗa wa waifai ɗin ya fito: Rumbun Luba. Ta shiga. Ga hotuna.

Ta fito da gudu ba ko takalmi. "Inna! Inna, fankarki na yi?"

"Tana yi mana. Kin fasa kunnawa ne?"

"A kunne yake!"

Inna ba ta yarda ba sai da ta taka har ɗakin, ta kara kunne a jikin kwando, ta koma ta duba fankarta, ta sake dawowa. Luba ta miƙa mata wayar, ta buɗe mata hoton ranar sunan jikanta na fari, ga ta nan da ƙuruciyarta saura, ta rungume jariri. Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "To tunda sunansa hadisi, ki zuba min karatu a ciki, kada sunan ya tashi a banza."

Kafin mako ya zagayo labari ya gama unguwa. Da la'asar sai ka ga mata sun cika tsakar gidan, kowace da wayarta, wasu da ta miji. Mai neman hoton bikinta, mai neman na ƙanwarta, mai son ta ga ɗinkin da wance ta sa shekara uku da suka wuce don ta kai wa tela. Ana shewa, ana tafawa, ana cewa wance dubi yadda kike siririya da. Tsofaffi suna shan wahala wajen shigar da lambar sirri, kowace sai ta miƙo wa Luba waya, har ta gaji. Rannan sai kawai ta cire lambar gaba ɗaya, ta ce ai duk gida ne.

Bayan 'yan kwanaki Ɗanmusa ya dawo daga Sakkwato da rana, ya shigo fuskarsa ba walwala. Ya kira ta ɗaki.

"Makau ya tare ni a waje," ya ce. Makau mai shayi ne, teburinsa na jingine da bayan katangarsu. "Ya ce sunanki na fitowa a wayarsa."

Luba ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa abin yana ratsa katangar ƙasa ba. Cikin rumbun nan akwai matan mutane ba lulluɓi, akwai amare a ɗakunansu, akwai matar liman tana rawa. Amanar da ta sa ake barinta ta shiga inda ba a barin kowa, ita ce ta bari a buɗe a bakin titi.

"Ya shiga?" ta tambaya.

"Zo ki ji da kunnenki."

Ta zura hijabi ta tsaya a zaure daga ciki, Makau yana daga waje. Bayan gaisuwa ya ce, "Wallahi matar Ɗanmusa, ni na ga an rubuta rumbu, na ce ko tallan hatsi ne. Na danna, sai na ga an jera bikin wance, sunan wance. Na ce a'a, wanga ɗakin mata ne, na fito da baya. Ban buɗe ko ɗaya ba. Kuma ban hwaɗa ma kowa ba sai maigidanki, don in samarin da ka zama nan sunka gane, sai Allah."

Luba ta yi ta yi masa godiya har ya ji kunya. Ta koma ciki ta zare wutar rautar, ta zauna ta kira Sahabi. Ya yi mata tsiya son ransa, ya ce uwar ɗaki ta gina rumbu ta manta da murfi, sannan ya bi da ita mataki-mataki. Ba lambar waje kawai ta mayar ba. Ta raba cikin rumbun ɗaki-ɗaki, kowane gida da nasa da makullinsa, yadda matar wani gida ba za ta ga na wani ba sai masu shi sun yarda. Washegari ta tara matan ta gaya musu abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye. Wasu suka yi salati, wata ta yi fushi ta tafi, amma da ta ji an ba kowa makullinsa, ita ce ta fara dawowa karɓar nata.

Ɗanmusa kuwa, da hankalinsa ya kwanta, sai ya fara zagaye kwandon yana sosa ƙeya.

"Wai ba sauran wuri a ciki? Ina da dambe da kokawa cike da waya, ta ƙi ɗaukar ƙari."

Ta ware masa hadis guda, ta buɗe masa ƙofa daban wadda ba ta haɗa hanya da ta mata ba. Shi kuma ya ba Makau lambar, ladan amana. Daga ranar teburin shayin nan bai ƙara zama ba kowa ba. Mutane su sayi kofi ɗaya su yi ta kallon dambe suna ihu, Makau yana ta fasa ƙwai yana sa wa Luba albarka ta kan katanga.

Ranar da Hajiya Mardiyya ta zo daga Bukkuyum, da 'yarta ta zo da ƙannenta mata, mota guda. An riga an wanko musu hotunan, amma Hajiya ta ce sai ta ga rumbun da ake faɗa da idonta. Aka shimfiɗa musu tabarmi, aka kawo fura. Luba ta sa musu makullin ɗakinsu, suka duƙufa. 'Yar ta ga kakarta da jan ɗankwali ta fashe da kuka, sannan ta koma dariya da ta ga har da ɗan bidiyo, tsohuwar tana yi wa ango tsiya wai ya rage mata kuɗin cefane.

Luba ta shiga ɗaki ɗauko ƙarin kofuna. A nan ta ji shi. Ƙas. Ƙas. Ƙas-ƙas. Daga cikin kwando.

Daga waje Hajiya ta ɗaga murya, "Luba, abin ya tsaya! Kaka ta daskare da baki buɗe!"

Ta leƙa. Hadis ɗin laftof ta biyu ne, shi da ya sha zafin bazara, fitilarsa ta tsaya ba ta ƙyaftawa. Da a da ne da sai ta zauna ta ɗora hannu a ka. Yanzu kuwa sai ta ji wani irin zumuɗi ya kama ta, kamar ɗalibar da aka yi wa tambayar da ta kwana tana bita. Ta zare shi, ta ɗauki wayarta ta juya ƙofar ɗakin su Hajiya zuwa ga abokin tagwaicinsa, wanda kullum yake kwafe duk abin da ke cikin ɗan'uwansa.

"Ku sake dannawa, Hajiya!"

 Sai muryar tsohuwa ta ci gaba daga inda ta tsaya, tsakar gida ta kaure da shewa.

Luba ta fito da mataccen a hannu, ta ɗaga shi sama kamar wadda ta kamo kifi. "Kun ga wannan? Yanzun nan ya mutu. Yanzun nan! Kuma ko hoto ɗaya bai tafi da shi ba."

Hajiya Mardiyya ta karɓa ta jujjuya shi. "Ikon Allah. To yanzu na cikin ya zama shi kaɗai ke nan?"

"Shi kaɗai, sai na samo masa wani abokin."

"Ina ake samu?"

"Cikin duk wata matacciyar laftof."

Hajiya ta ce ai kuwa Alhaji yana da wata da yara suka taka, tana nan kan sif tana shan ƙura. Ɗaya daga cikin ƙannenta ta ce wajen mijinta ma akwai. Matan unguwa da suka shigo gaishe da baƙi suka ji, kowace ta ce za ta duba gidanta.

Sai dai saƙon da ya fita daga gidan ba haka ya isa ba. Abin da ya zaga gari shi ne, Luba mai hoto tana neman matattun kayan wuta. Ranar kasuwar Gummi tun da hantsi aka fara sallama. Wata ta aiko da dutsen guga, wata da rediyo mai kaset, wata da tocilan guda uku a leda. Daga Nasarawa Burkullu wani ɗan acaɓa ya kawo tsohuwar talabijin ɗaure da igiya a bayan babur, ya ce matar maigari ce ta ce a kawo, a cire abin da za a cire a mayar mata da sauran. Kafin azahar zauren ya koma kamar rumfar 'yan gwangwan. Ɗanmusa ya dawo ya rasa inda zai taka, ya tsaya yana dariya har da hawaye. Inna Iyatu kuwa ta zauna a bakin ƙofa tana karɓar kaya tana godiya a madadin surukarta, ba ta mayar da ko ɗaya ba, wai ba a mayar da hannun kyauta.

Luba ta bi tarin nan tana ɗagawa ɗaya-ɗaya. Can ƙasa, ƙarƙashin wata fanka mara fiffike, ta ci karo da saƙon Hajiya Mardiyya: laftof biyu, ɗaya gilashinta ya tsage, ɗaya ba madannai. Ta rungume su ta koma inuwar darbejiya, ta kife ta farko a cinya, ta kwance notinan ta zuba a murfin kwano don kada kaji su tsince. Ta zaro hadis ɗin, ta hure shi, ta zura a kwasfa ta ba shi wuta, ta kara a kunne.

"Ku yi shiru," ta ce da mutanen gidan, tana ɗaga hannu.

Kowa ya yi tsit, har Inna ta tsayar da carbi.

Shuu, a hankali, ba ƙas ko ɗaya.

"Mai lafiya ne!" in ji Luba. "Baban yara, miƙo min ɗayar."